WA YA DANNE MIKI TAURARUWA?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai na amayar da ita, mai jin haushi ta ji. Maganar tauraruwa ce. Yarinya ta kai shekara ashirin da biyar ba a kawo kuɗin gaisuwa ba, sai ki ji an ce ai danne mata tauraruwa aka yi. Matar aure ta yi ɓari sau biyu, wai tauraruwarta ce mai nauyi. Maigida ya daina cin girkinki, ai tauraruwar amarya ce take haskawa, taki ta dusashe. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne auren da ake rusawa tun ba a ɗaura ba. Yara suna son junansu, iyaye sun amince, an sa rana, sai wata gwaggo ta yafa mayafi ta tafi wurin mai duba, ta dawo ta ce an buga an ga tauraruwar yarinya ta wuta ce, ta yaro ta ruwa, in aka haɗa su ɗaya sai ya kashe ɗaya. Shi ke nan, a mayar da lefe. A cikin saƙonnin da masu karanta littattafaina suke aiko mini, wannan kukan ba ya yankewa.

To ni tambayata ɗaya ce. Wannan tauraruwar da kika sayar da ɗan kunnenki na gwal don a ɗago miki ita, kin taɓa ganin ta? Shi mai duban, ya taɓa fito da ke tsakar gida ya ɗaga yatsa ya ce ga ta can? Ai a ɗaki mai duhu yake zaune, kansa a sunkuye kan faifan yashi. Mutumin da sana'arsa taurari ce, amma bai taɓa ɗaga kai sama ba! Tunda shi ba zai nuna miki ba, bari ni in nuna miki wasu, kuma ba na son baƙar kaza ko farin ƙyalle.

A watan Yuli ko Agusta, daren da aka yi ruwa aka ɗauke, gari ya washe, kuma babu farin wata, ki fito bayan isha'i. Ki fuskanci gabas, kudu yana hannun damanki, sai ki juya can. Za ki ga wani tauraro jajaye kamar garwashi, taurari uku a jere a gabansa, sannan wasu sun biyo bayansa sun gangaro ƙasa sun lanƙwashe kamar ƙugiya. Wannan ita ce Kunama, wadda masu duba suke ce wa Akrab. A ƙarshen ƙugiyar akwai taurari biyu dab da juna, su ne ƙarin kunamar. Ki miƙa hannunki sosai, ki auna faɗin yatsu uku daga nan zuwa hagu, sama kaɗan. Za ki ga wani ɗan fari-fari kamar an ɗiga nono a baƙin zane. Wata za ta ɗauka gajimare ne, amma gajimare yana tafiya, wannan kuwa yana nan biye da wutsiyar kunama tun kafin a haifi kakannin kakanninmu. Taurari ne cunkushe wuri ɗaya. In akwai madubin hangen nesa irin na hannu a gidan, ki ɗora a idonki ki sha mamaki, domin kuwa farin nan zai watse ya zama ƙwayoyi, kamar an zubar da tsakiyar amarya a ƙasa. Masu ƙaramin madubi suna ƙirga wajen guda 80, kuma filin da suka ci a sama ya ninka faɗin wata ɗan sha huɗu fiye da sau biyu.

Ba yau aka fara ganin wannan gungu ba. Wani masani da ya zauna a Iskandariyya ta ƙasar Masar, wanda Larabawa suke kira Baɗlaimus, ya rubuta labarinsa wajen shekara ta 130 Miladiyya, ya ce wani hazo ne da ke bin ƙarin kunama. Da idonsa kawai ya gani, irin naki, shi ya sa har yau ake kiran gungun da sunansa. A shekarar 1764 wani Bafaranshe mai suna Charles Messier ya saka shi a lamba ta bakwai cikin jerin da yake haɗawa, daga nan aka sami sunan M7 da ke cikin littattafai. Abin dariya, shi bawan Allahn nan taurari masu wutsiya yake farauta, irin waɗannan fari-farin kuwa ruɗa shi suke yi, sai ya riƙa rubuta su don kada su ƙara ɓata masa lokaci. A duk jerin nasa wannan ne ya fi nitsawa kudu. Daga birnin Faris da kyar yake leƙowa sama da rufin gidaje. Mu kuwa a Kano ko Zariya ko Maraɗi, yana hawa har kusan rabin tazarar da ke tsakanin ƙasa da tsakar ka. Bature yana leƙe yana miƙa wuya, mu an ajiye mana a tsakar gida, amma muna can zaure layi muna jiran a kira mu ɗakin duba.

Yanzu ki saurara da kyau, don a nan maganar take. Haske shi ne abu mafi sauri da aka sani, yana cin kilomita dubu 300 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan kai yake yi. To hasken wannan gungu sai ya yi tafiyar shekara wajen 980 kafin ya iso idonki. Wato abin da kike gani a daren nan ya baro can ne tun zamanin da littafin tarihin Kano ya ce Bagauda ne ke sarauta, tun ba a aza harsashin ganuwa ba. Ya taso babu ke, babu uwarki, babu garin da aka haifi kishiyarki. Haba 'yar uwa! Abin da saƙonsa yake ɗaukar kusan shekara dubu a hanya, shi ne zai san cewa jiya maigida ya shigo yana ɗaure fuska? Shi ne wata mata a bayan layinku za ta sa a danne da ƙwaryar rubutu da ƙwai uku? Kowane ɗaya daga cikin taurarin nan rana ce sukutum, masu hasken cikinsu ma sun fi tamu girma da zafi nesa ba kusa ba. Wanda zai iya danne wannan, me zai hana shi fara danne zafin bazara mu huta?

Na san wata za ta ce, to ke ma ai ji kika yi, wa ya je can ya auno? Tambaya ce mai kyau, kuma ina ma a ce ita ake yi wa mai duba. Ga yadda ake yi. Ki miƙa babban yatsanki a gabanki, ki rufe ido ɗaya, sannan ki buɗe shi ki rufe ɗayan. Za ki ga yatsan kamar ya yi tsalle. In kin matso da shi kusa da hanci tsallen ya ƙaru, in kin nisanta shi ya ragu. Haka ake yi wa tauraro: a dube shi yau, a sake dubansa bayan wata shida lokacin da duniya ta zagaya ɗaya ɓangaren rana, daga ɗan gocewar da ya yi a lissafa nisansa. Ƙasashen Turai sun harba wani kumbo mai suna Gaia a shekarar 2013, ya yi ta wannan awo har 2025, ya auna taurari fiye da biliyan ɗaya. Kuma lissafin a buɗe yake, ɗalibar da ta iya lissafi za ta iya bi ta gani ko an yi kuskure. Shi kuwa na zaure, ranar da kika ce malam nuna mini yadda aka yi aka samu haka, ranar za ki ji ana cewa sirri ne, ko kuma a ce aljanun kanki ne suke gardama.

Amma ai sirrin ba wani sirri ba ne, bari in tona. Zai tambaye ki sunanki da na mahaifiyarki. Kowane harafi yana da lambarsa, sai ya tara, ya yi ta zubar da sha biyu-sha biyu, abin da ya rage shi ne burujinki: Hamal ne, Sauru ne, Asad ne, ko Akrab. Daga nan a ce ke ta wuta ce, ko ta iska, ko ta ruwa, ko ta ƙasa. Don Allah ki tsaya ki yi tunani. A'isha nawa ce a birnin Kano wadda sunan uwarta Fatima? Duk tauraruwarsu ɗaya ke nan. Akwai matar attajiri a ciki, akwai mai tallan ƙosai, akwai likita, akwai wadda ta rasu tana jaririya, akwai wadda aka saka sau uku, akwai wadda ta shekara hamsin a ɗakinta ba a taɓa jin kansu ba. Wacce daga ciki tauraruwar take bi? Sannan ga Hassana da Usaina, ciki ɗaya, rana ɗaya, ungozoma ɗaya, amma da yake haruffan sunansu sun bambanta sai a raba musu buruji. Da mahaifinki ya canza shawara da asubar ranar suna ya sa miki Hadiza, da yanzu wata tauraruwar ce taki. Ashe sararin sama jira yake a yanka rago kafin ya san inda zai sa ki.

'Yan matanmu na boko kuma kada su yi dariya, don su ma suna da nasu zauren, a cikin waya yake. Su da ranar haihuwa ake yi musu. Wadda aka haifa daga 23 ga Oktoba zuwa 21 ga Nuwamba sai ta ce ita Kunama ce, shi ya sa take da kishi da riƙo, har tana rubutawa a ƙarƙashin hotonta. Dalilinsu shi ne wai a kwanakin nan rana tana cikin taurarin Kunama. To ba ta ciki. Duniya tana ɗan layi a hankali kamar katantanwar da yara ke murzawa, layin da ke ɗaukar shekara kusan dubu 26 kafin ya zagayo, saboda haka jadawalin da aka tsara shekara dubu biyu da suka wuce ya goce da kusan wata guda. A yau rana tana shiga taurarin Kunama ne wajen 23 ga Nuwamba, kuma mako ɗaya kacal take yi ta fice. Mai cewa ita Kunama ce, ranar da aka haife ta rana tana Sumbula ko Mizan. Kishinki naki ne, ki daina ɗora wa kunamar da ba ta nan. Kuma ki lura, na zaure zai raba Hassana da Usaina, na waya zai haɗa su. Biyun ba za su zama gaskiya tare ba, amma akwai matan da ke biyan kuɗi nan su biya can.

Ita kanta kunamar ma idonmu ne ya zana ta. Jan tauraron nan hasken shekara wajen 550 ne tsakaninmu da shi. Wani a gadon bayanta shekara 64 ne kawai. Gungun da ke bin ƙarinta kuwa kin ji, 980. Kamar ki tsaya a ƙofar gida da dare ki hango fitilar mai shayi, da ta wata mota can kan titi, da ta wani ƙauye mai nisa, su yi miki kamar a jere suke, alhali ba wanda ya san da wani.

Su dai taurarin gungun nan su ne 'yan uwan juna na gaskiya, kuma wannan ne ya sa nake son su. Masana sun ce a cikin gajimare ɗaya na iska da ƙura aka haife su, lokaci guda, shekara wajen miliyan 200 da suka wuce. A wurin taurari wannan ƙuruciya ce, tunda ranarmu ta kai shekara miliyan dubu huɗu da ɗari shida. Suna tafe tare, nauyin junansu yana riƙe da su, amma riƙon sako-sako ne. A hankali ɗaya za ta zame ta gefe, wata ta bi wata hanyar, har ranar da ba wanda zai gane cewa ɗaki ɗaya suka fito. In na dube su sai in tuna gidan da aka tara 'yan mata, ana kitso tare ana cin tuwo a kwano ɗaya, sannan aure ya zo ya kai wannan Gusau, waccan Jos, wata Agadas. Ana kyautata zaton ita ma ranarmu a irin wannan gida ta tashi, 'yan uwanta sun watse tuntuni. Kaza da 'ya'yanta da kowa ya sani, wadda ake gani da sanyi, ita ma irin wannan gungun ce, sai dai ta fi kusa kuma ta fi ƙuruciya. Kin ga ko kakarki ta san gungun taurari, har ta raɗa masa suna daga cikin akurkinta.

A nan ne wasu za su taso mini ta ɗaya gefen, su ce ai duk maganar taurari camfi ce, mace ta kama girkinta ta bar kallon sama. Su ma ban yarda da su ba. Hukuncin zuwa wurin mai duba malamai sun daɗe da bayyana shi, kuma ba wadda za ta ce ba ta ji ba, wannan na bar musu. Amma sanin taurari daban, duba daban. Manomanmu da malamansu suna da lissafin taurari 28 da suke raba shekara da su, bakwai-bakwai ga bazara, damina, kaka da ɗari, kowanne kwana 13, in ban da Jabha mai 14, ya tashi 365 cif. Huɗu daga cikin sunayen nan jikin kunamar nan ne. Zubana ƙahonninta, Iklilu kanta, Kalbu shi ne jan tauraron da ke zuciyarta, Shaula kuwa ƙarin, wato maƙwabcin gungunmu, kuma da shi taurarin ɗari suke farawa. Tsohon da ya ce an shiga Shaula a fito da barguna bai ce Shaula ce ta kawo sanyi ba, kamar yadda zakara ba shi ke kawo asuba ba. Agogo yake karantawa, agogon da ba ya son batir. Wannan ilimi ne da ya ciyar da gidaje, kuma in ya yi kuskure kowa zai gani a gona. Abin takaici, mun bar wannan yana mutuwa tare da tsofaffi, mun rungumi na ƙaryar muna shayar da shi da kuɗin adashi.

Cewa kuma ba aikin mace ba ne, wannan ma zance ne. A birnin Halab na ƙasar Sham, fiye da shekara dubu da suka wuce, an yi wata mata da ake kira Al-Ijliyya wadda sana'arta ƙera asɗurlabi, wato faifan tagulla da ake auna tsayin taurari da shi a san lokaci, kuma a fadar sarki Saifuddaula ta yi aiki. Abin da aka yi taurari da shi ma mace ce ta gano. Sunanta Cecilia Payne, 'yar Ingila mai karatu a Amurka, a shekarar 1925 tana da shekara 25 ta nuna cewa yawancin jikin tauraro iskar haidurojin ce da hiliyom. Manyan maza na fannin suka ce ba zai yiwu ba, bayan 'yan shekaru suka dawo kan maganarta. Shekarun da a wurinmu ake cewa an danne wa yarinya tauraruwa, a shekarun ita ta buɗe cikin tauraro ta faɗi abin da ke ciki.

Ban ce matan da ke zuwa wurin duba wawaye ne ba. Na san abin da ke kai su. Mace tana cikin ƙunci, miji ba ya sauraron ta, in ta je gida a ce ta yi haƙuri ta koma, uwar miji tana ƙirga mata watanni. Mutum ɗaya ne a duk garin zai zauna ya ji ta daga farko har ƙarshe ba tare da ya katse ta ba, shi ne mai duba, kuma don kuɗinta yake yi. Laifin nan har da maza da iyaye a ciki. Sai dai ki dubi abin da yake sayar mata. Matar da ke ɓari tana bukatar a auna ta a asibiti, watakila ma mijin ne ya kamata a gwada, amma sai ta shekara uku tana turare da wanka a kan juji, lokaci yana wucewa. Wadda ake duka an ce mata tauraruwarta ce mai zafi, sai ta koma tana zargin kanta maimakon ta kai ƙara wurin waliyyanta. Kuma kullum sai an samo mata wadda ta danne ta, kullum kuma mace ce: kishiya, ko facala, ko matar uba, ko aminiyar da suka tashi tare. Ban taɓa jin mai duban da ya ce wa mace, je ki, mijinki ne ba ya da hali ba. Ya san wanda zai iya zuwa ya fasa masa faifai. Haka ake shiga tsakanin mata, a bar 'ya'yansu da gabar da ba su san mafarinta ba. Wani saurayin ma da ya ga wata ya canza ra'ayi, kunyar faɗa yake ji, sai a ce taurari ne ba su haɗu ba, yarinya ta tafi da tabon cewa ita ce mai baƙar ƙafa.

In har ƙafarki ta sake kai ki zauren nan, ga jarrabawa mai sauƙi. Ki ce malam, yau da dare zan zo da yayana, ka fito ka nuna mana Akrab a sama, ka nuna mana Shaula. In a watan Disamba ne ya ɗaga yatsa ya ce ga ta, to kin kama shi, domin a lokacin wutsiyar kunama tana tare da rana, da ita take fitowa da ita take faɗuwa, ba mai ganin ta.

Ke kuwa in za ki nemi gungun, ki kashe fitilar tsakar gida, ki ajiye waya a ɗaki, ki ba idonki kamar minti ashirin ya saba da duhu. A cikin gari hasken kwan lantarki yana cinye shi, saboda haka daren da aka ɗauke wuta ya fi, ko in kin je ƙauye biki. Kada ki zuba masa ido kai tsaye, ki kalli ɗan gefensa, gefen ido ya fi kama haske mai rauni. Sama da shi kaɗan ta hannun dama akwai wani ƙaramin fari-farin, shi ma gungu ne, M6, wanda a madubi yake kama da malam-buɗe-littafi. Ki taso 'yan matan gidan su gani, har da 'yar kishiyar. In damina ta hana ki da hadari, ki jira watan Maris, ki duba kudu in kin tashi alwalar asuba, kafin gari ya fara haske.